Kuɗin Kawu Mai Hoton Kwaɗo

A shekarun da siyasar jam'iyyu ta dawo, ina da ɗan shago a unguwar Zariya, cikin Maradi, ina rubutun allo da fenti. Kafin nan aikina bai wuce "A nan ake sayar da ƙanƙara" da lambar amalanke ba. Da aka ce kowa na iya kafa jam'iyya, sai kasuwa ta buɗe mini. Kowane mai babbar riga yana son tuta, yana son kati, yana son hatimi. Na sassaƙa hatimai da ƙasan tsofaffin silifa har yatsuna suka yi kanta. Wata jam'iyyar da safe ake kafa ta, kafin la'asar ta rabu biyu, kuma duka ɓangarorin wurina suke zuwa.

Ana cikin haka aka karya darajar sefa. Rediyo ya ce kuɗinmu ya koma rabi. Mutane suka yi ta zaro takardu daga aljihu suna juyawa, ba su ga inda aka yanke ba. Sai da aka je sayen sukari da magani aka gane.

Kawuna, wan mahaifiyata, manomin hatsi ne a Tsibiri, kuma shi ba a kanti ya gane ba. A wurin suna ya gane. Ɗiyarsa tana aure a Jibiya, ƙetaren iyaka. Da ta yi haihuwar fari, Kawu ya je da takardar jika biyar, wato sefa dubu biyar, ya miƙa wa maroƙi don jariri. Maroƙin ya juya kuɗin zuwa naira a bakinsa, ya kwarara shela har sau uku: kakan jariri daga Faransa, kamar yadda suke kiran ƙasarmu a can, ya zo da abin da ya fi ƙarfin faɗa. Aka tashi wani daga kan darduma aka zaunar da Kawu, aka kawo masa cinyar rago. Shekara biyu yana ba da wannan labari.

Haihuwa ta biyu ta zo ƴan kwanaki bayan an karya sefa. Kawu ya je da irin takardar nan dai, sabuwa fil. Wannan karon maroƙin bai yi shela nan take ba. Sai da ya fita ƙofar gida ya tambayi wani ɗan canji, ya dawo, ya faɗi adadin sau ɗaya da ƙaramar murya, ya wuce kan na gaba. Bayan an watse, surukin Kawu ya ja shi gefe ya ce, in yarinyar ta yi wani laifi ne, a faɗa masa, shi zai tsawata mata.

Kwana biyu da dawowarsa sai ga shi a ƙofar shagona, ya jingine kekensa a kan tutar wata jam'iyya da ban gama shanyawa ba.

"Kai, mai fenti," ya ce, "zan kafa kuɗi."

"Jam'iyya dai, Kawu?"

"Kuɗi na ce. Kunnenka ya toshe?"

Na ba shi benci, na aika aka kawo fura. Bai taɓa ta ba. Ya ce ya yi tunani tun daga Jibiya har Ɗan Isa, daga Ɗan Isa har gida. An ce sefa kuɗin haɗin kai ne, ƙasashe da yawa ke ci da shi. To, da wa aka haɗa shi? Da mutumin bakin teku wanda bai taɓa gani ba, wanda ko sallama ba za su iya yi wa juna ba. Amma ɗiyarsa, wadda in ya tashi da asuba zai ci abincin rana a ɗakinta, ita kuɗinta daban. "An haɗa ni da baƙo, an raba ni da ɗiyata. Wane mai hankali ya yi wannan rabo?"

Na ce masa irin wannan magana ta gwamnatoci ce.

"Gwamnati tana yajin aiki," ya ce. "Ranar Lahadi ka zo Tsibiri da fensir."

Na je, don ba a ƙin kiran kawu. Na tarar ya tara kwamiti a gindin gawon ƙofar gidansa. Mutum uku ne da shi kansa. Akwai wani Alhaji ɗan canji, abokinsa tun suna yara, wanda ke zama a bakin babbar kasuwar Maradi da tulin naira da na sefa, kowanne an danne da dutse. Akwai kuma wani tsoho daga ƙauyukan arna na bakin Gulbi, wanda ake kira Sarkin Noma, mai gonar da ke iyaka da ta Kawu.

Alhaji ya fara da cewa shi bai yarda ba. Kowace ƙasa da kuɗinta, kamar yadda kowane gida ke da tukunyarsa. In tuwon maƙwabci ya ƙone, me ya sa naka zai yi ƙauri? Abin da ya same mu ma, ai don tukunyar tana hannun wani ne. A ganinsa kamata ya yi mu buga namu na ƙasa, mu kaɗai. Ya ƙara da cewa ko Tsibiri da Maradi, da za a bi tasa, da kowanne ya yi nasa.

"Don ka samu dutse na uku da na huɗu," in ji Kawu.

"Ban ɓoye ba," in ji Alhaji.

Sarkin Noma ya tofar da tabar da yake taunawa. Ya ce duk wannan surutu na yaran jiya ne. A zamanin kakansa da kuɗin wuri ake ciniki daga nan har Kano, ba wanda ya taɓa tashi da safe ya ce wuri ya zama rabin wuri. Har yau iskokin gidansu ba su karɓar sefa, ba su karɓar naira. Ya taɓa gwada su da takarda, shekarar ba a yi wake ba. Don haka a koma wuri.

Aka tambaye shi ina za a samu wurin. Ya ce yana da goma sha ɗaya, amma ba nasa ba ne, na iskoki ne.

Kawu ya yanke hukunci. Takarda za a buga, kowace ɗaya a bakin tiyar hatsi guda, domin tiya ce abin da mutumin Maradi da mutumin Jibiya suka sani ba sai an fassara ba. Duk wanda ya kawo takardar ƙofar gidansa, a auna masa tiya cike daga rumbunsa. Ba rediyon da zai iya rage ta.

Saura hoto. Nan ne rana ta yi mana tsaka. Aka ce raƙumi, na ce wata jam'iyya ta riga ta ɗauka. Aka ce zangarniyar hatsi, an ɗauka. Tauraro, kalme, zakara, fitila, hannu biyu a haɗe, duk ni na sassaƙa wa masu su. Launuka ma haka: in ka buga da wannan a ce kana bayan wane, in ka buga da wancan a ƙone maka shago. Har Alhaji ya fara gyangyaɗi, sai Sarkin Noma ya ce, "Kwaɗo fa?"

Ba jam'iyyar da ta taɓa neman kwaɗo. Tsohon ya ce kuma ya dace, don Gulbi daga wajen Jibiya yake shigowa, ya ratsa Jiratawa da Maradi da Tsibiri, ya sake komawa ƙasar masu naira, kwaɗin ciki kuma ba wanda ya taɓa tsayawa wurin duwan, ƴan kwastan bakin iyaka, ya nuna takarda. Kawu ya ce magana ta ƙare.

Duk wannan taro, ba wanda ya leƙa cikin gida ya shaida wa Inna, matar Kawu, wadda ita ke hawa rumbun tana fid da hatsi tun kafin a haife ni.

Na koma Zariya na sassaƙa kwaɗon. Ban taɓa zana kwaɗo ba, ya fito kamar an taka shi da mota, amma ana gane shi. Tawada baƙa na sa, tunda baƙi bai zama na kowa ba. Takarda ta yi tsada, sai na ɗauko tarin hotunan wani ɗan takara da jam'iyyarsa ta watse kafin ta zo ɗauka, na yayyanka su kashi takwas-takwas, na buga a bayansu. Saboda haka kowace takarda gabanta kwaɗo ne da rubutun "Tiya ɗaya" da boko da ajami, bayanta kuma yanki ne na fuskar mutumin: wata ido, wata kunne, wata gefen hula.

Ni dai na ɗauka abin zai ƙare a ƙasan tabarmar Kawu. Amma ranar kasuwar Jiratawa ya ce in raka shi, ya je kai tsaye wurin wata mata mai kwaɗon tamakka, wato zogale, ya ci na ƙoshi, ya miƙa mata takarda ɗaya. Na juya baya kamar ban san shi ba.

"Malam, wannan mene ne?"

"Kuɗi ne. Ki zo Tsibiri ki karɓi tiyar hatsi, ko ki ba wani ya zo."

Ta dubi kwaɗon, ta juya ta ga ido yana kallonta, ta yi dariya har ta riƙe ciki. Ta kira maƙwabtanta masu albasa da tattasai su zo su ga an sayi kwaɗo da kwaɗo. Sai dai ta san Kawu, ta kuma san rumbunsa, don ana hangen sa daga hanya. Ta ƙulle takardar a bakin zane. Kafin mu bar kasuwar na ga ta ba mai itace, shi kuma ya ba mai aski.

Abin da ya taimaki Kawu, lokacin ƙananan kuɗi sun yi wuya. Ka sha shayi, a ba ka canji da ashana ko alewa. Ga kuma farashi da ke tashi tsakanin azahar da la'asar. Takardar Kawu kuwa jiya tiya ce, yau tiya ce. Cikin wata biyu masu garka na Jiratawa, wato masu lambu, suna biyan masu ban ruwa da ita, ƴan kabukabu suna karɓa daga Tsibiri zuwa Maradi. Ba wanda ya kira ta tiya. "Kwaɗo nawa?" ake cewa. Sannan, ba tare da kowa ya yi doka ba, aka fara fifita mai ido a kan mai kunne. Wai mai ido tana ganin ɓarawo. Na rantse wa mutane cewa almakashi ɗaya ya yanka su, ba wanda ya saurare ni. Kawu ya sa na buga ƙari har sau uku.

Wata rana na bi ta bakin kasuwa, sai na ga Alhaji da dutse na uku. Ya ce direbobin Jibiya ke tambaya, don masu abinci a tashar can sun fara karɓa.

"Alhaji, ba kai ka ce ba ka yarda ba?"

"Har yanzu ban yarda ba," ya ce. "Yarda daban, ciniki daban. Kana da mai ido?"

Ba a daɗe ba takardar sammaci ta same mu, ni da Kawu. Muka je ofishin jandarma da hantsi. Kawu ya sa rigarsa ta Juma'a. Ni kuwa na san hukuncin mai buga jabun kuɗi. Shef, shugaban ofishin, wani dogon mutum mai gilashi, ya baza takardunmu guda shida a tebur, ya yi ta jera su ta baya yana neman haɗa fuskar.

"Wa ya buga wannan?"

"Ni ne, Shef."

"Kuɗin wace ƙasa ka kwaikwaya?"

"Ba na kowace ƙasa ba ne."

"To ai jabu sai da na ainihi. Ina na ainihin?"

"Su ne waɗannan, ranka ya daɗe," in ji Kawu.

Shef ya jawo wani ƙaton littafi ya yi ta buɗawa yana lasar yatsa. Ya tambaya ko jam'iyya ce, don in jam'iyya ce sai da rajista. Kawu ya ce Allah ya kiyaye. Ko caca ce? Kawu ya ce a'uzubillahi. Ko laya ce? Kawu ya ce wasu suna ratayawa, amma ba shi ya sa su ba. Shef ya cire gilashi ya murza idanunsa. Sannan ya sa hannu a aljihun kakinsa ya fito da wata guda, mai kunne, duk ta yi laushi. Ya ce mai shayin ƙofar ofis ya ba shi canji da ita.

"Tsakaninka da Allah, dattijo, in na zo za a ba ni hatsi?"

"Cike, har da tozo."

Shef ya ce zai rubuta wa Yamai ya nemi umarni, kafin amsa ta zo kada a ƙara bugawa, ya kuma karɓe hatimina ya kulle a durowa. A lokacin manyan Yamai suna ta rikicin wa ke gaba da wa, amsa ba ta taɓa zuwa ba. Muna fita Kawu ya ce, "Ka gani? Hukuma ta amince."

Hana bugawar bai rage komai ba, don wani ya riga ya fara buga nasa. Na fara ganin takardu masu kwaɗo kyakkyawa, mai ƙafafu daidai, har da ɗigo-ɗigon baya. Abin ya ci mini rai, domin mutane sun fi yarda da su, suna mayar da nawa wai hannun koyo ne. Har yau ban san ko wane ne ba, amma gwani ne.

Sai bazara ta kama. Rumbunan mutane suka yi ƙasa, hatsi ya yi tsada a kasuwa, kowa ya tuna abin da aka rubuta a ƙarƙashin kwaɗon. Da farko ɗaya-ɗaya suke zuwa, Kawu yana auna musu daga buhun da ya ɓoye a zaure. Ranar da buhun ya ƙare, aka aiko mini in zo maza. Na tarar da layi tun daga gawo har bakin hanya: mata da ƙwarya, ƴan kabukabu, masu garka, da wani direba daga Jibiya da ya zo da takardu cike da hula. A ranar Inna ta san cewa wata huɗu ke nan rumbunta yana yawo a aljihun mutanen ƙasa biyu.

Ba ta yi ihu ba. Ta fito da tabarma ta shimfiɗa a ƙofar zaure, ta sa aka sauko da dami aka sussuka, ta zauna. Sannan ta fito da ƴar ƙwaryar da take ɗiban tsaki wa kaji.

"Daga yau wannan ce tiya," ta ce. "Na farko ya matso."

Layi ya ɗauki hayaniya. Direban Jibiya ya ce a ƙasarsu wannan ko ludayi bai kai ba. Inna ta ce to ya je ƙasarsu a auna masa. Kawu ya tsaya a kanta.

"Ke! Abin da aka yi mini shi za ki yi wa mutane? A ƙofar gidana?"

"Malam, su da suka yi maka, wataƙila su ma rumbunsu suka leƙa. Kai ka leƙa naka? Mu goma sha biyu muke ci a gidan nan, ruwa bai sauka ba."

"Na ce tiya."

"Kai ka ce. Kwaɗo ya ce. Ni ba a tambaye ni ba."

Sarkin Noma, wanda ya zo kallo, ya ce shi tun farko wuri ya ce. Alhaji kuwa ya riga ya zagaya ƙarshen layi yana sayen takardu da arha daga waɗanda suka karaya.

Na matsa kusa da Kawu na raɗa masa cewa fiye da rabin takardun nan ba nawa ba ne, a ware na jabu a ƙi su. Ya karɓi ɗaya daga hannun wata tsohuwa, mai kyakkyawan kwaɗo, ya tambaye ta ina ta samu. Ta ce wanki ta yi wa wani gida a Maradi, yini guda, aka biya ta da ita. Kawu ya daɗe yana kallon takardar. Sannan ya shiga gida da kansa, ya fito da tiyar gaske, ya durƙusa gefen Inna ya fara awo. Tsohuwar ya fara ba, cike, har da tozo. Inna ta tashi, ta naɗe tabarmarta, ta shige.

Kwana uku ana awo. Ni ke karɓar takardu ina zubawa a tulu, Kawu na aunawa, ba ya tambayar kowa komai. Shef ma ya aiko wani jandarma a kan babur da tasa mai kunne, aka auna masa a cikin hula. A rana ta uku da la'asar Kawu ya hau rumbu ya leƙa, ya sauko, ya ce wa sauran mutanen, su kusan ashirin, hatsi ya ƙare, har iri. Ya ce ga keke, ga akuya biyu, ga rigar Juma'a. Ba wanda ya taɓa ko ɗaya. Wani mai garka ya ce shi dama don ya ga ƙarshen abin ya zo. Suka watse.

Gidan ya sha wuya a shekarar. Ni na riƙa kai abin da ya samu daga shago. Masu garka na Jiratawa, waɗanda suka fi kowa cin moriyar abin, suka riƙa aiko da masara da kabewa a amalanke, ba sa cewa daga wa. Alhaji ya aiko da buhun hatsi guda, wanda kowa ya san daga rumbun Kawu ya fito, ya ce kada a gode masa. Inna ta daina yi wa Kawu magana kai tsaye. In ina nan sai ta ce, "Gaya wa gwamnan banki ruwan wanka ya yi sanyi." In ba na nan, akuya take gaya wa.

Ruwan shuka ya sauka wata ranar Talata. Na rufe shago na hau kabukabu zuwa Tsibiri, don na san ba su da iri. Na tarar Sarkin Noma ya riga ni: ya kawo ƙwarya biyu na irin gidansu, ya ajiye a zaure ya tafi gonarsa. Muka fita mu uku. Kawu a gaba da sungumi yana sara, Inna a bayansa tana jefa iri tana rufewa da diddige, ni a kunyar gefe. Muka yi rabin gona a haka. Sai Kawu, ba tare da ya waiwayo ba, ya ce in tambaye ta ko saran ya yi zurfi da yawa.

Na buɗe baki ke nan, Inna ta riga ni.

"Ya yi daidai," ta ce masa. "Ka dai rage sauri, ƙafata na ciwo."

Ya rage. Muka shuka har bakin iyaka kafin azahar.